Gurbi Uku

Duk wanda ya san harkar surfani a Dukawuya ya san Malam Isyaku, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba, domin ya ga hannunsa a wuyan rigar wani. Shekara hamsin da ɗoriya ya yi yana zana aiki a kan shadda yana bin sa da allura. Yanzu hannun ya ƙi. Rawa yake yi tun daga kafaɗa, ko shayi sai an zuba masa rabin kofi, in ba haka ba rigarsa ce za ta sha. Abin da ya rage na aikinsa kaf yana cikin wani tsohon keken surfani na kwamfuta mai kai biyu da ke shagon marigayi yayansa, Alhaji Tanko. Zane arba'in da huɗu ne a ciki, arba'in da ɗaya nasa, uku na Alhajin.

Shekara goma sha bakwai ke nan da Alhaji Tanko ya sayo keken, na hannu, domin tun a lokacin ma ya sha jiki a wata ƙasar. Da farko Malam Isyaku ko kallonsa ba ya yi. Da ya fara jin yatsunsa suna yi masa gardama, sai ya sauko. Aka ɗauko wani mutum daga Sabon Gari, suka shafe shekara biyu suna shigar da zanen cikin keken, ɗinki bayan ɗinki, Malam Isyaku yana tsaye a kansa yana cewa nan allura ta koma baya, nan zare ya kwanta, nan a bar fili shadda ta sha iska. Takardun da ya zana su a kai kuwa, wata damina soron gidansu ya rufta a kansu, abin da ruwa ya bari gara ta ƙarasa. Rigunan sun bi masu su. Wasu sun koɗe, wasu an raba su gado sun yi Agadas da Yamai. Saboda haka in ka cire wannan keke, babu inda Sawun Tattabara yake a duniya, babu Ganyen Lalle, babu Rijiya Biyu, babu sauran.

Ukun Alhaji Tanko fa? Allah ya jiƙan Alhaji, ɗan kasuwa ne na gaske, amma zane ba fanninsa ba ne. Aska biyu ce ya ɗan karkata mata wuya ya sa mata suna. Kowa ya sani, ba mai faɗa.

Da Alhajin ya rasu, shago ya koma hannun babban ɗansa, Abdulbaƙi. Ban taɓa jin wanda ya ce Abdulbaƙi ya ɗaga wa Baffansa murya ba. Ya fi ƙarfin haka. Kullum da safe sai ya rusuna ya gaishe shi, ya sa a shimfiɗa masa darduma a kan benci, sannan ya shige ya yi abin da ya ga dama. Irin mutanen nan ne da za su taka ka su ce sannu, kuma ba za su ɗaga ƙafar ba.

Abin ya taso ne daga bajon makaranta. Wata makarantar kuɗi a Gwammaja ta ba Abdulbaƙi aikin bajo na rigunan ɗalibanta gaba ɗaya, ana so kafin a koma hutu. Suka turo zanen ta waya. Keke ya ce bai san wannan yare ba. Aka juya, aka juya, ya ƙi karantawa. Sai aka kira Shamsiyya, wata injiniya 'yar Sheshe da ta yi suna wajen tayar da tsofaffin injuna waɗanda masu su suka fid da rai. Ta zo ran Talata da hantsi, da jakarta a kafaɗa, ta kwance bayan keken ta leƙa da tocilan. Ta daɗe tana kallon wani koren faranti mai ƙura kafin ta ɗago.

Bayanin da ta yi ba mai wuya ba ne, har Malam Isyaku da ke bakin ƙofa ya gane. Ta ce ƙwaƙwalwar keken sa'arta ce a shekaru, kuma kamfanin da ya ƙera ta ya daina waiwayarta tuntuni. Akwai manhaja guda ta ƙarshe da suka fitar wa irin wannan tsohuwar ƙwaƙwalwa kafin su juya mata baya, ita ce kaɗai za ta karanta bajon. Sai dai manhajar tana da ci. Memorin keken mega goma sha shida ne kacal, a nan yake ajiya, a nan kuma yake aiki. Tsohuwar manhaja huɗu take ci ta bar sauran. Sabuwar sai ta cinye sha uku. Kamar a shigo da gadon amarya ɗakin gwauro ne, in ji ta, dole kayan ciki su fita.

"Me zai rage a ciki?" in ji Abdulbaƙi.

"Zane uku. Wataƙila huɗu in ƙanana ne."

Malam Isyaku ya ɗago kai. Bai san lokacin da ya miƙe ya shigo ba. Ya tambaye ta, cikin muryar da ya yi ƙoƙarin daidaitawa, ko ba a iya kwashe su a ajiye a wani wuri, kamar yadda yake ganin yara suna yi da hotuna.

Ta ce ana iyawa, Baba. Keken ba shi da gurbin filashi, amma yana da wata tsohuwar kafa mai haƙora tara a baya, kuma ita tana da kebul ɗinta da wata tsohuwar kwamfuta a gida da ta ajiye saboda irin wannan rana. Matsalar ɗaya ce, hanyar tana da nawa. Zane ɗaya sai ya ci awa guda yana rarrafe, in wuta ta ɗauke a sake daga farko. Kwana huɗu za a yi keke yana tsaye, ba ɗinki.

Abdulbaƙi ya yi ɗan murmushi. "Kwana huɗu ba ni da su, Injiniya. Jibi ki zo da manhajar."

Ta ce ko kwana biyu ya ba ta, ta kwashe rabi. Ya ce akwai huluna da wuyan kaftani da ke jiran keken yau da gobe, ya riga ya yi wa masu su alkawari. Ya faɗi haka yana kakkaɓe wa Baffansa zare daga kafaɗa.

Malam Isyaku ba zai iya roƙon ɗan da aka yi wa suna a gabansa ba. Shi ya riƙe ragon ma. Don haka washegari ya sa hularsa ta zuwa Juma'a, ya shiga gida wajen Hajiya Indo, mahaifiyar Abdulbaƙi. Suka gaisa, aka yi addu'a ga mamaci, aka tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya. Sai ya kewayo ya kawo maganar keke, a hankali, kamar ba ita ta kawo shi ba. Ya ce kwana huɗu ne kawai. Ya ce ba don kansa ba, ko don yaran gidan da za su taso, wata rana wani zai so ya ga abin da iyayensa suka yi.

Hajiya Indo ta saurare shi har ya gama, tana tsince shinkafa a faranti. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, shagon nan na marayu ne. Yayanka ya riƙe ka har ya koma ga Allah, bai taɓa gajiya ba. A bar yaro ya nemi abincinsa mana."

Maraya mai shekara talatin da shida, da mota. Malam Isyaku ya ce haka ne, ya yi sallama. A soro ya daɗe yana neman takalminsa, alhali yana gabansa.

Ran Alhamis ya fito da shirinsa. Tunda gurbi uku ne ko huɗu, ya riga ya zaɓa a ransa. Sawun Tattabara, wanda ya ci masa wata bakwai. Rijiya Biyu, wanda ya zana shekarar da aka haifi 'yarsa ta fari. Sai Ganyen Lalle. In an sami na huɗu, akwai wani ƙarami da bai taɓa sa wa suna ba. Sauran talatin da bakwai ya yi musu bankwana a hanya, tun daga ƙofar gida har bakin titi, kuma ya ji zafin kowanne.

Ya tarar shago ya cika. Salisu mai guga yana nan, da teloli biyu na maƙwabta, da liman na masallacin layin, wanda Abdulbaƙi ya tsayar da shi da shayi. Shamsiyya ta riga ta haɗa wayoyinta. Da Malam Isyaku ya zauna, sai Abdulbaƙi ya zo ya durƙusa a gabansa, gwiwa biyu a ƙasa, yadda kowa zai gani.

"Baffa, gurbi uku ne. Kai ne babba, kai ne uba. Ba zan zaɓa kana raye ba. Duk wanda ka ce a bari, shi za a bari."

Uku. Ba uku ko huɗu ba. Uku cif, daidai da na mamaci. Malam Isyaku ya dubi fuskokin da ke kewaye da shi, ya gane inda aka ajiye shi. Mutumin cikin gari ne, a cikin kara aka haife shi, a cikinta ya tsufa. Ba a miƙa maka abu a gaban jama'a ka ce naka kake so. Balle ga ɗan marigayi a durƙushe, ga aikin marigayi a kan sikeli ɗaya da naka. Abin da ake yi sananne ne. Kai ka ce a bar na yayanka. Shi kuma yaro ya ce a'a wallahi Baffa, naka za a bari. Ka ƙi, ya nace, liman ya sa baki, a ƙarshe a raba, kowa ya tashi da mutuncinsa. Haka suka yi da Alhaji Tanko ranar rabon kayan aikin mahaifinsu, kowa yana tura wa ɗan'uwansa almakashin da ya fi so, har sai da aka yi dariya. Ya tabbata ko biyu zai samu. Ko ɗaya.

Ya ce, "A bar na Yaya."

Ya tsaya yana jiran a'a wallahi Baffa.

"Allah ya saka da alheri, Baffa," in ji Abdulbaƙi, ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Kun dai ji."

Liman ya ce ma sha Allah, wannan shi ne zumunci. Salisu mai guga ya ce irin su Malam sun ƙare a zamanin nan. Haka suka yi ta yabonsa, kowane yabo yana ƙara rufe ƙofar. Shamsiyya ce kaɗai ba ta ce ma sha Allah ba. Ta juyo daga gaban keken ta dube shi.

"Baba, ka tabbata? In na goge, ba ya dawowa. Ba ni ba, ko kamfanin ba zai dawo da shi ba."

Ya dubi Abdulbaƙi. Abdulbaƙi yana duba waya. Kalma ɗaya ta isa, kuma tana bakin Malam Isyaku, amma liman yana nan, teloli suna nan, kuma yanzun nan aka gama cewa irinsa sun ƙare.

"Na tabbata, 'yata."

Da a ce keken yana goge komai a lokaci guda, da abin ya zo da sauƙi. Ba ya yi. Tsohuwar manhaja sai an bi zane ɗaya bayan ɗaya, ta nuna shi a ɗan allonta, ta tambaya, a danna. Kuma ba sunaye a ciki, lambobi ne. Abdulbaƙi ya ce kada a yi kuskure a taɓa na Alhaji, gara Baffa ya matso ya riƙa faɗa, tunda shi ya san su. Aka jawo masa kujera har gaban allon.

Na farko ya fito, wani ɗan siririn aikin wuya da ya yi yana saurayi. Shamsiyya ta ce, "Wannan fa, Baba?"

"Nawa ne."

Ta danna. Keken ya yi ɗan ƙara, allo ya yi fari, na biyu ya fito.

Haka aka yi ta yi. Wannan fa, nawa ne. Wannan fa, nawa ne. Tun tana tambaya da murya har ta koma nuni da yatsa. Telolin suka sulale suka koma shagunansu. Liman ya tuna yana da wani uzuri. Rijiya Biyu ya zo a na tara, ya wuce kamar sauran, ko daƙiƙa biyar bai yi a allon ba. Malam Isyaku ya danne hannunsa na dama da na hagu a kan cinya don kada a ga yadda yake kaɗawa. A duk rayuwarsa bai taɓa cewa nawa ne a kan aikinsa ba, kunya ba ta bari. Yau ya faɗa har bakinsa ya bushe.

A na ashirin da bakwai Sawun Tattabara ya fito. Ko a wannan ɗan allo mai dishi-dishi kana ganin yadda sawun yake bin juna yana kewaya aljihu ya hau kafaɗa, ba inda ya yanke. Malam Isyaku ya ƙura masa ido. Shamsiyya ta janye hannunta daga maɓallin ta ɗora a cinya. Ta ce a hankali, wannan ba shi da girma sosai, tana ganin zai shiga a na huɗu. Shi kuwa tsohon, Allah ya gafarta masa, har ya fara haɗa ƙarya a ransa, ya ce na Yaya ne.

Abdulbaƙi ya leƙo ta kafaɗarsu. "A'a, wannan ba na Alhaji ba ne. Alhaji ina ya iya irin wannan? Uku muka ce, Injiniya."

Wannan ne karo na farko da wani daga gidan ya faɗi haka da bakinsa. Shamsiyya ta danna.

Kafin azahar an gama. Bayan an dawo daga masallaci ta ɗora sabuwar manhaja, wani ɗan layi yana tafiya a allon kamar ba zai kai ba. Malam Isyaku bai tafi gida ba. Ya zauna yana lallashin kansa da cewa ko ba komai ya yi wa yayansa abin da ya kamata. In ya je lahira ba zai sunkuyar da kai ba. Da wannan ya riƙe ransa har la'asar ta kusa.

Keken ya tashi da sabuwar fuska, harufa masu kyau. Shamsiyya ta tura bajon. Allo ya yi jim, sai ya fito da wani jan rubutu. Ta sake turawa, ya sake fitowa. Ta duba wasu lambobi, ta yi tsaki. Ta ce takardar kamfanin sha uku ta ce, amma wannan lissafin a kwance ne. In manhajar ta tashi aiki tana ƙara ci, kuma ba wanda ya gwada ta a kan tsohuwar ƙwaƙwalwa irin wannan, don ba wanda ya damu. Bajon ba shi da wurin tsayawa. Kaɗan ya rage, amma ba zai shiga ba.

"Goge ukun," in ji Abdulbaƙi.

Ta dube shi. Malam Isyaku ma ya ɗago.

"Na mahaifinka fa," in ji ta.

"Aska biyu ce. Ko'ina akwai ta a kasuwar Kwari."

Ba a jawo wa kowa kujera ba a wannan karon. Danna uku ta yi. Bajon ya shiga. Aka ɗaura ƙyalle, kai biyun suka sauka tare, allurai suka kama sukuwa. Cikin minti shida ga littafi a buɗe, ga alƙalami a kansa, ga sunan makaranta da ruwan ɗorawa. Abdulbaƙi ya ɗaga shi a haske ya ce ya yi. Har ya miƙa wa Baffansa ya gani, ya tambaye shi ko zaren ya kwanta.

Shamsiyya tana naɗe wayoyinta fuskarta a ɗaure. Ta ce wa Abdulbaƙi akwai abin da ya kamata ya sani kafin ta tafi. Wannan manhaja ita ce ta ƙarshe, babu wata bayanta, in ta sami matsala ba mai gyara ta. Kuma ta fi ƙarfin ƙwaƙwalwar, farantin yana zafi. Ya sa masa fanka, ya riƙa hutar da shi, in ba haka ba ba ta jin zai kai baɗi.

"Ba komai," in ji Abdulbaƙi, yana ɗaura wani ƙyallen. "Sati uku kawai nake so ya kai ni. Sabon keken ya riga ya sauka a Legas, mai kai shida. Yana isowa wannan zai koma lungu, ko 'yan gwangwan su ɗauka."

Hannun Shamsiyya ya tsaya a kan jakar. Malam Isyaku ya ɗauka kunnensa ne, don ƙarar keken ta cika shagon. Ya miƙe da ƙyar ya matso.

"Sati nawa ka ce?"

"Uku, Baffa. In an yi sa'ar mota ma ba zai kai ba."

Sati uku, sannan keken ya zauna a lungu, ba kwana huɗu ba, har abada, ba mai bukatarsa. Kuma tun ran Talata yaron ya san da haka. Bajon ma akwai masu sabon keke a Fagge da za su buga shi a yini biyu, Malam Isyaku ya san su, 'ya'yan abokansa ne. Ya buɗe baki. Abin da yake son faɗa ya yi yawa, ya rasa ta inda zai kama.

Abdulbaƙi ya ga haka, sai ya rage murya, cikin ladabi, ya ɗan rusuna.

"Baffa, a gaban liman na tambaye ka. Da ka ce naka kake so, wallahi da naka aka bari. Kai ka zaɓa."

Malam Isyaku ya dube shi ya daɗe. Ya nemi inda ƙaryar take a cikin maganar don ya kama, bai samu ba.

"Haka ne," ya ce. "Ni na zaɓa."